Haƙorin 'yata ya nutse cikin dasashi tana wata 16: ko zai shafi wanda zai fito bayan famfara?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. 'Yata ta faɗo daga kan dakali lokacin tana da wata 16, bakinta ya bugu da siminti. Haƙorinta ɗaya na sama na gaba ya shige cikin dasashi, har muka zaci fita ya yi, muka yi ta nemansa a ƙasa. Mun kai ta kyamis aka ba ta maganin ciwo, jinin ya tsaya. Bayan kamar wata 4 haƙorin ya sauko da kansa, amma ya yi duhu, ba kamar ɗan'uwansa ba. Yanzu shekararta 3, kuma ba ta kukan ciwo. Uwar mijina ta ce in kwantar da hankalina, ai haƙorin yarinta ne, za ta yi famfara wani ya fito. To amma na ga ɗan maƙwabciyarmu da ya taɓa faɗuwa yana ƙarami, sabon haƙorinsa ya fito da tabo ruwan ƙasa. Shin abin da zai sami 'yata ke nan? Akwai abin da zan yi tun yanzu?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya ta. Abu biyu kike son sani: ko bugun da haƙorin yarinta ya sha zai iya barin alama a jikin haƙorin girma da bai fito ba tukuna, da kuma ko akwai abin da za a yi a shekarun nan da suka rage kafin ya fito. Amsar ta farko, e, zai iya, kuma irin raunin da kika kwatanta, a shekarun da kika faɗa, yana cikin waɗanda muka fi sa wa ido. Amma "zai iya" daban, "zai yi" daban. Yara da yawa da haƙorinsu ya nutse haka sun yi famfara sabo ya fito tas. Surukarki ta yi gaskiya cewa wannan haƙorin mai fita ne. Inda zancenta ya gaza shi ne, wanda zai gaje shi ba daga baya ake fara halittarsa ba. Ranar da yarinyar ta faɗi yana nan cikin ƙashi, kusa ƙwarai da inda bugun ya sauka.

Inda sabon haƙori yake ɓoye

Haƙoran yarinta guda 20 ne. Suna fara tsirowa wajen wata 6, na ƙasa na gaba tukuna, su kammala kafin shekara 3. Haƙoran girma kuwa 32 ne, kuma mafi yawansu tun yaro yana goye suke kwance cikin muƙamuƙi a matsayin ƙwaya mai laushi. Manyan haƙoran nan biyu na sama na gaba, waɗanda su ne fuskar murmushi, suna fara ƙarfafa tun jariri yana wata 3 zuwa 4. Kan haƙorin, wato ɓangaren da ido ke gani, ba ya kammala sai shekara 4 zuwa 5. Daga nan saiwa ta fara tsawo, haƙorin ya ɓullo a shekara 7 zuwa 8, saiwar kuma ta rufe wajen shekara 10. Na gefensu suna fara ƙarfafa a makare kaɗan, wajen wata 10 zuwa 12.

Ƙwayar nan tana zaune ne sama da saiwar haƙorin yarinta, ta ɗan koma baya wajen ganda. Abin da ya raba su bai wuce 'yan milimita ba, ɗan siririn ƙashi ne da tantani. Saboda haka idan haƙorin yarinta ya shige ciki da ƙarfi, tsinin saiwarsa yana iya dungurar ƙwayar, ko ya girgiza ta, ko jinin da ya taru a wurin ya shafe ta.

Farin ɓawon da ke lulluɓe da haƙori shi ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, amma yana da wani rauni guda: ƙwayoyin da ke gina shi sau ɗaya suke aikinsu, da haƙori ya fito sun gama, ba sa dawowa. Ƙashi ya karye ya haɗe, fata ta yanke ta warke, ɓawon haƙori kuwa ba ya gyara kansa. Kamar ɗanyen siminti ne da akuya ta taka kafin ya bushe, sawun nan ya zauna ke nan. Kuma da yake ginin daga bakin haƙori yake farawa ya gangara wajen dasashi, sau da yawa daga inda tabon yake a jikin haƙorin yaro ɗan shekara 8 mukan iya kirdadon shekarunsa lokacin da ya ji ciwon. Nakan tambayi uwa, "Ya taɓa faɗuwa da baki yana tatata?" sai ta yi shiru, can ta tuna.

Abin da ya sa shekaru suke da muhimmanci ke nan. Bugun da yaro ya sha kafin shekara 2 ya fi wanda ya sha a shekara 5 haɗari ga haƙorin girma, domin a shekara 5 kan haƙorin ya riga ya yi ƙwari, sai dai saiwa. Abin takaicin shi ne shekarun da ƙwayar ta fi laushi su ne shekarun rarrafe da tatata da hawan duk abin da aka gani. Wani nazari da ya tattara binciken ƙasashe da dama, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa sama da kashi 22 cikin 100 na ƙananan yara sun taɓa jin rauni a haƙoran yarinta. Saboda haka kada ki ɗora wa kanki laifi. Ba a raino ba tare da faɗuwa ba.

Ba duk bugu ne ɗaya ba

Haƙorin da bakinsa ya ɗan ɓantare, ko ya yi girgiɗi kaɗan bai bar mazauninsa ba, da wuya ya taɓa na ciki. Waɗanda suka fi ɓarna biyu ne: nutsewa, irin na 'yarki, da ficewa gaba ɗaya, domin kafin haƙori ya fice saiwarsa takan yi juyi ta daki abin da ke bayanta. Likitan nan na ƙasar Denmak, Jens Andreasen, wanda ya shafe rayuwarsa a Kofanhegan yana bin diddigin raunin haƙora, tun farkon shekarun 1970 ya nuna haka, kuma abin da aka gano bayansa bai saɓa ba.

Akwai abu ɗaya da ke kare yara da yawa. Saiwar haƙorin yarinta na sama tana da ɗan lanƙwasa zuwa wajen leɓe, don haka idan ya nutse galibi tsinin gaba yake nufa, ya kauce wa ƙwayar. Saukowar da na 'yarki ya yi da kansa cikin wata 4 ma abu ne da aka saba gani, yawanci cikin wata 6 suke dawowa, wani lokaci har shekara. A da, idan hoto ya nuna saiwar ta nufi ƙwayar, cirewa ake yi nan take. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin raunin haƙori ta duniya ta sabunta a 2020 sun koma ga barin haƙorin ya sauko da kansa ana lura da shi. Ni ma ra'ayina ke nan. Ɓarnar da bugu zai yi ya riga ya yi ta a daƙiƙar da ya sauka, kuma shiga da ƙarfe a bakin yaro ɗan shekara ɗaya da rabi yana kuka yana fizge-fizge na iya ƙara wata.

To me za a iya gani idan sabon ya fito? Mafi yawan abin da muke gani shi ne tabo: fari kamar alli, ko rawaya, ko ruwan ƙasa, a fuskar haƙori ɗaya ko biyu, jikin haƙorin kuma sumul. Wannan na ado ne kawai, ƙarfin haƙorin na nan. Sama da shi akwai wanda ɓawon bai cika ba, sai ka ga rami ko zobe ya kewaye haƙorin, wurin yana riƙe datti, yana tsami in an sha ruwan sanyi, kuma yana saurin yin kogo. Da alama ɗayan biyun nan ne ya sami ɗan maƙwabciyarki. Sai waɗanda ba a cika gani ba amma sun fi wahala: kan haƙorin ya tanƙware domin ɓangaren da ya riga ya yi ƙarfi ya goce daga mai laushin, ko saiwa ta lanƙwashe har haƙorin ya kasa fitowa ya nufi wajen hanci, ko saiwar ta tsaya da girma ta zama guntuwa, ko ƙwayar ta dagule ta zama wani curi marar siffa da sai an yi aiki an cire. Akwai kuma jinkirin fitowa kawai. Yaron da ya rasa haƙorin yarinta da wuri, dasashin wurin yakan yi kauri saboda tauna, sai sabon ya daɗe yana fama kafin ya huda.

Ina so a bambance wannan da wani abu da mutane ke haɗawa da shi. Tabon rauni a haƙori ɗaya ko biyu yake, a gefen da aka bugu. Idan kuwa haƙora da yawa ne suka yi dabbare-dabbare, dama da hagu daidai wa daida, to a duba ruwan sha. A wurare irin su Langtang a Filato da Kaltungo a Gombe, sinadarin fulorayid ya yi yawa a ruwan ƙasa, kuma yana rina haƙoran yaran da suka taso a can. Haka kuma kafson tetirasaikilin, mai ja da rawaya ɗin nan da ake ba yara da sunan maganin gudawar haƙori, yana shiga jikin haƙorin da ake ginawa ya rina shi har abada. Ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba.

Duhun da haƙorin ya yi

Wannan shi ne ɓangaren tambayarki da ke da aiki a yanzu. Duhun yana nufin jini ya fashe a cikin haƙorin lokacin bugun. Wani yakan yi ja-ja ko toka-toka na 'yan makonni ya washe. Wani yakan koma rawaya, alamar cewa ramin jijiyar ya cike, kuma irin wannan yawanci yakan zauna lafiya har famfara. Wani kuma yakan tsaya a duhu, wanda ke iya nuna jijiyar ta mutu. Launi kaɗai ba ya sa mu cire haƙori. Na sha ganin baƙin haƙori da ya zauna shekaru bai dami kowa ba har ya faɗi a lokacinsa.

Abin da ke sa mu tashi tsaye shi ne ƙwayar cuta. Idan mataccen haƙori ya ruɓe, mugunya a tsinin saiwa take taruwa, wato daidai ƙofar ɗakin sabon haƙori, wanda a shekara 3 har yanzu ana kan gina shi. Bugu na daƙiƙa ɗaya ne, mugunya kuwa watanni take yi tana cin wurin. Wannan ita ce ɓarna ta biyu, kuma ita ce wadda ke hannunki. Sau ɗaya a mako, ki ɗaga leɓenta na sama a wuri mai haske ki dubi dasashin da ke saman haƙorin. Ɗan ƙurji kamar ƙwayar gero da ke fashewa ya dawo, kumburi, ja, wari daga wurin, girgiɗin da ba a saba ba, ko ta riƙa kauce wa cizo da gefen: duk wanda kika gani, ki kai ta asibitin haƙori a makon. Kada rashin kuka ya ruɗe ki, ƙurjin da ke tsiyaya ba ya ciwo, shi ya sa iyaye ke barinsa ya shekara. Maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kyamis yana kwantar da shi na ɗan lokaci ne kawai, domin tushen yana cikin haƙorin. A nan galibi cirewa ce mafita, wani lokaci kuma a wanke ramin jijiyar a cike idan yaron zai ba da haɗin kai. Giɓin gaba a wannan shekarun ba ya sa haƙora su cushe kamar yadda rasa turmi ke yi, sai dai ɗan canjin furuci na wani lokaci.

Ko babu ɗaya daga cikin alamun nan, ina ba ki shawara ki kai ta a duba sau ɗaya yanzu, tunda likitan haƙori bai taɓa gani ba. Ni daga wasiƙa ba zan iya cewa ga halin da saiwar ke ciki ba, sai an gani da ido, an taɓa, wataƙila an ɗauki ɗan ƙaramin hoto. Hoton ma yana da iyaka: yana nuna tanƙwara da matsayin ƙwayar, amma ba ya nuna tabon launi. Wannan sai ranar da haƙorin ya leƙo. Kuma babu wani magani, ko na asibiti ko na gargajiya, ko ƙarin madara da ƙwayar kalsiyam, da zai goge sawun da aka riga aka bari. Duk wanda ya ce zai sayar miki da shi, kuɗinki yake so.

Ga sauran iyaye: ranar da abin ya faru

Kafin a kalli haƙori a kalli yaron. In ya suma, ko yana amai, ko barci ya rinjaye shi ba a lokacinsa ba, alama ce kansa ya bugu, sai ɗakin gaggawa. In ba haka ba, a wanke bakin da ruwa mai tsabta, a danna wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Baki yana da zubar jini, kaɗan ne yake gauraya da yawu ya tayar da hankali. Idan haƙori ya ɓace ba a gan shi a ƙasa ba, kada a ɗauka ya tafi ke nan: ko ya nutse, ko guntunsa ya shige cikin leɓe, ko an haɗiye, ko kuma, wanda ya fi muni, ya faɗa hanyar numfashi. Yaron da ya fara tari ko shaƙewa bayan faɗuwa a garzaya da shi.

Haƙorin yarinta da ya fice ba a mayar da shi. Ina nanata wannan domin mutane sun ji ana cewa a mayar da haƙori, kuma gaskiya ne, amma ga haƙorin girma. Na girma in ya fice, a riƙe shi ta kai ba ta saiwa ba, a ɗauraye, a mayar nan take, ko a tsoma shi cikin madara a ruga asibiti kafin awa guda. Na yarinta kuwa, tura shi cikin ramin tura shi ne kan ƙwayar da ake son karewa. Haka wanda ya nutse, kada a jawo shi, wanda ya karkace kada a miƙar da shi da yatsa. Abinci mai laushi na mako guda, farasitamol daidai nauyin yaro, a riƙa share wurin da auduga ko buroshi mai laushi bayan cin abinci. Kada a ɗora asfirin ko garin kafso a kan dasashi, ƙona naman suke yi. In raunin ya taɓa ƙasa kuma rigakafin yaron bai cika ba, a faɗa wa ma'aikacin lafiya saboda tetanus.

A duba haɓa ma. Yaron da ya sauka a kan haɓarsa, ƙarfin bugun yana tafiya har gaɓar muƙamuƙi da ke gaban kunne, kuma nan ne muƙamuƙin ƙasa yake girma. Karaya a wurin ba ta cika nuna kanta ba. A ɗinke haɓa a sallami yaro, bayan shekaru a kawo shi baki ba ya buɗuwa, haɓar ta karkace ko ta ƙi girma, haƙora sun cushe. Aikin gyaran wannan babba ne. Idan bayan faɗuwa yaro yana jin zafin buɗe baki, ko haƙoransa ba sa haɗuwa kamar da, ko jini ya fito ta kunne, a nemi a duba gaɓar.

Raunin da hannunmu ke jawowa

Ba faɗuwa kaɗai ke kawo mana yara ba. Wanda ya fi ci mini rai shi ne cokali. Zazzaɓi ya yi zafi, yaro ya fara jijjiga, sai a ɗauko cokali ko icce a ɓamɓare bakin da ƙarfi, wai kada ya haɗiye harshe ko haƙora su datse. Harshe ba ya haɗiyuwa. Abin da cokalin ke yi shi ne ya fasa leɓe, ya karya haƙoran gaba ko ya tura su ciki, a daidai shekarun da muke magana a kai, domin jijjigar zazzaɓi tsakanin wata 6 da shekara 5 ta fi yawa. A kwantar da yaron ta gefe, a sassauta masa kaya, kada a sa komai a bakinsa, a kai shi asibiti. Ɗura da ƙarfi da bakin kofi ko cokali ita ma tana yaga tantanin da ya haɗa leɓe da dasashi. Keken koyon tafiya kuwa, a gidan da ke da matakala ko dakali, ni ban ga amfaninsa da ya kai haɗarinsa ba.

Sai tsaga dasashi. A ƙasashe irin su Sudan, Habasha, Somaliya, Yuganda da Tanzaniya akwai al'adar haƙo ƙwayar fiƙar jariri da ƙarfe, bisa zaton cewa farin abin da ke ƙarƙashin dasashi shi ke kawo gudawa da zazzaɓi. 'Yan'uwanmu mazauna Sudan sun san zancen. Abin da ake cirowa lafiyayyen haƙori ne da bai nuna ba, kuma ƙarfen yakan lalata na girma da ke ƙarƙashinsa, ban da zubar jini da cutar da ke biyo baya. Duk wata aska da za ta shiga dasashin jariri, ko a hannun wa take, haɗarin ɗaya ne. Gudawa da zazzaɓi mai zafi a lokacin fitar haƙori cuta ce da ke buƙatar magani, ba haƙorin ne ya kawo su ba.

Idan sabon ya fito da matsala

Kusan duk abin da na lissafa yana da gyara. Ƙaramin farin tabo sau da yawa barinsa muke yi, ko a ɗan goge samansa. Rami ko tabo mai duhu ana rufe shi da ciko mai launin haƙori, a zama ɗaya, tun yaro yana firamare, kuma gara a yi da wuri kafin kogo ya shiga, kafin kuma tsokanar 'yan aji ta sa yarinya ta daina dariya. Hular haƙori ta dindindin sai girma ya tsaya, wajen shekara 18. Wanda dasashi ya tare, ɗan tsagawa kaɗan a asibiti ya isa. Wanda ya lanƙwashe ya maƙale shi ne mai cin lokaci da kuɗi: a buɗe, a manna masa ɗan ƙarfe, a riƙa jawo shi a hankali da waya na tsawon watanni, kuma ba kowane ne ke jawuwa ba. Irin wannan aiki sai manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko wurin ƙwararren mai daidaita haƙora.

Ga 'yarki, lokacin sa ido na biyu zai fara ne wajen shekara 6. Ki lura ko baƙin haƙorin ya yi girgiɗi tare da ɗan'uwansa, domin mataccen haƙori wani lokaci yakan ƙi faɗuwa ya tare hanya, sabon ya ɓullo ta bayansa. Idan sabon haƙorin ɗaya gefen ya fito har ya yi wata 6 na gefen da ya bugu bai leƙo ba, ko na gefensa ƙarami ya riga shi fitowa, kada ki jira shekara ta zagayo, ki kai ta a ɗauki hoto. Kuma ki rubuta yau a wani wuri: shekarunta lokacin da ta faɗi, wane haƙori ne, dama ko hagu, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya sauko. Likitan da zai gan ta nan da shekara 4 zai tambaye ki duka.